Mutane na shiga shafina amma ba sa saye, kuɗin talla kuma na ta tafiya: ina matsalar take?

Maman_Iman:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana da ke cikin wannan zaure. Jakunkuna nake sayarwa ta intanet, ina da shafi nawa na kaina, kuma ina biyan kuɗin talla a Facebook da Instagram. Alƙaluman da suke nuna mini gwanin sha'awa: ana ganin tallan, ana dannawa, ana shiga shafin. Amma idan wata ya ƙare na zauna lissafi, abin da ya shigo da ƙyar yake rufe abin da talla ya ci.

Wani ya ce mini ilimin halayyar ɗan'adam ne ban sani ba, wai akwai dabarun da ake sa mutum ya saya ko bai yi niyya ba: a sa agogo mai ƙirga lokaci, a rubuta "saura biyu", a mai da maɓallin saye ja. Wani kuma ya ce a rushe shafin gaba ɗaya a yi sabon zane. To wanne ne gaskiya? Kuma mai ƙaramin jari irina daga ina zai fara?

Dan_Lissafi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a zo kan launi da agogo, ɗauko biro. A ce mutum 1,000 ne suka danna tallanki, kowace dannawa ta ci miki 50, kin kashe 50,000 ke nan. Idan mutum 10 ne suka saya, kowane mai saye ya tsaya miki a kan 5,000. Idan ribarki a jaka ɗaya, bayan kin cire kuɗin sari da na aikawa, 4,000 ce, to duk cinikin da kika yi faɗuwar 1,000 ce, ko da kuwa shafin na ta nuna miki oda ta shigo. Yanzu a ce da wannan tallan, ba ki ƙara ko sisi ba, mutum 20 ne suka saya. Kowane mai saye ya dawo 2,500, kina da ribar 1,500 a kansa.

Kin ga inda gizo ke saƙar. Lambobi uku ne: kuɗin dannawa ɗaya, mutum nawa cikin 100 ke saye, da ribar ciniki ɗaya. Duk wata dabara da za a kawo miki, ki tambaya wace lamba za ta motsa cikin ukun nan. Wadda ba ta taɓa ko ɗaya ba ado ce.

Sadiq_Zane:
Malam Dan_Lissafi ya buɗe ƙofar da ta dace. Ni aikina ke nan, zanen shafuka, kuma abu na farko da nake yi idan aka kawo mini irin wannan kuka shi ne in ajiye kwamfuta in buɗe shafin a waya, waya mai araha, da data maimakon wayifai. Fiye da rabin masu shiga intanet a duniya ta waya suke shiga, waɗanda talla ke kawowa daga Instagram kuwa kusan dukkansu ne. Google ta fitar da wani bincike a 2016 da ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna ficewa idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Ma'aunin da Google ke amfani da shi yanzu shi ne babban hoton ko babban rubutun shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Abin da ya fi kashe shafukan masu sayar da kaya shi ne hotuna. A ɗauki hoto da waya mai kyau, a ɗora shi yadda yake, kowanne da nauyinsa, guda 30 a shafi ɗaya. Mai saye yana kallon farin allo, ke kuma Facebook ya riga ya caje ki kuɗin dannawarsa. Hajiya, ki sa adireshin shafinki a PageSpeed Insights, shafin Google na auna saurin buɗewar shafi, kyauta ne, ki gaya mana abin da ya nuna a ɓangaren waya.

Kabiru_Talla:
Duk ku bar wannan dogon turanci. Agogo yana aiki, "saura biyu" yana aiki, ni shaida ne. Ɗan'adam idan ya ga abu zai ƙare jikinsa na rawa. Manyan kamfanonin duniya me kuke tsammani suke yi? Hajiya ki sa kawai ki ga aiki.

Malam_Nasiru:
Kabiru, Allah ya yi maka albarka, amma ka raba abu biyu. Idan da gaske jaka biyu suka rage, faɗar hakan gaskiya ce, kuma taimako ne ga mai saye. Idan kuwa akwai 200 a ajiye ka rubuta "saura biyu", ko agogon ya ƙare mutum ya sake buɗe shafin ya tarar ya koma farko, wannan algus ne. Hadisi ingantacce ne cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma bai ware kasuwar intanet ba.

Manyan kamfanonin da ka ambata kuma, ka bi labarinsu zuwa ƙarshe. A 2019 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta sa manyan shafukan kama ɗakin otal, har da Booking.com da Expedia da Agoda, suka ɗauki alkawarin daina matsa wa mutane da saƙonnin da ke nuna ɗaki na gab da ƙarewa alhali ba haka abin yake ba. A 2022 kamfanin wasannin bidiyo na Epic Games ya amince da mayar da dala miliyan 245 ga mutanen da tsarin maɓallansa ya sa suka sayi abin da ba su yi niyya ba. Hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta maka Amazon a kotu a 2023 kan yadda shiga Prime, tsarinsa na mambobi masu biyan kuɗi, ke da sauƙi, fita kuma ke da wuya, aka sasanta a 2025 a kan dala biliyan 2.5. Su suna da lauyoyi da kuɗin biyan tara. Hajiya sunanta ne jarinta.

Kabiru_Talla:
Na ji Malam. Amma ai ba ka ce ba ya aiki ba, cewa ka yi babu kyau.

Malam_Nasiru:
Yana aiki a ciniki na farko. Wanda ya gane an yi masa wayo ba ya dawowa, kuma ba ya yin shiru.

Dr_Hauwa:
Bari in sa baki, don wannan fannin nake koyarwa. Ilimin gaskiya ne, ba tatsuniya ba, sai dai masu sayar da kwasa-kwasai sun mai da shi kamar laya. Robert Cialdini ya tattara abubuwa shida a 1984 da ke sa mutum ya amsa da "to": rama alheri, tsayawa kan abin da mutum ya riga ya fara, bin abin da jama'a ke yi, jin maganar masani, yarda da wanda ake so, da kuma ƙarancin abu. A 2016 ya ƙara na bakwai, jin cewa "namu ne". Lura da cewa ƙarancin abu, wanda Kabiru ya riƙe, ɗaya ne kawai daga ciki, kuma a ganina shi ne mafi rauni ga wanda ba a san shi ba tukuna.

Wanda ya fi shafar Maman_Iman shi ne aikin Daniel Kahneman da Amos Tversky na 1979. Sun nuna cewa zafin asara ya fi daɗin samu a zuciyar mutum, ko da adadin ɗaya ne. Binciken da suka yi daga baya ya kiyasta kusan ninki biyu. Masu talla sukan ɗauki wannan su ce "kar ka yi asarar wannan dama". Ni kuwa ta ɗaya gefen nake kallonsa. Matar da ta shiga shafinki ba ta san ki ba. Tana riƙe da kuɗinta, tana tunanin abu uku: idan na tura ba a aiko ba fa? Idan abin da ya zo ba shi ne na hoto ba fa? Idan ya zo da matsala wa zan kama? Wannan tsoron ya fi sha'awar jakar ƙarfi. Duk abin da ya rage shi, kamar bayyana sharaɗin mayar da kaya, lambar waya da ake ɗauka, hoton jakar ciki da waje a hannun mutum, tsawonta da faɗinta a rubuce, zai fi agogo amfani.

UmmiKasuwa:
Wallahi Dakta kamar kin shiga zuciyata. Ni a matsayin mai saye, idan na shiga shafi ban ga yadda zan mayar da kaya ba, fita nake yi ko da abin ya burge ni. Kuma hoton da aka kwaso daga intanet ana gane shi. Na fi yarda da ɗan gajeren bidiyo da aka zuge zif ɗin jakar aka nuna shafin cikinta da ɗinkin gefe, ko da hasken bai kai na kamfani ba.

Sadiq_Zane:
Ƙari a kan maganar Dakta: yarda na farawa tun kafin a karanta komai. Gitte Lindgaard da abokan aikinta a jami'ar Carleton ta Kanada sun nuna a 2006 cewa mutum na yanke hukunci kan kyan shafi cikin kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa. A wani binciken jami'ar Stanford na 2002, da aka tambayi mutane dalilin yarda ko ƙin yarda da shafi, kamannin zanen ne aka fi ambata, a kusan kashi 46 na bayanan da suka bayar. Ba ina nufin a cika shafi da ƙyale-ƙyale ba. Rubutu iri ɗaya, hotuna masu girma ɗaya, farashi a fili, babu kuskuren rubutu a kan gaba. Shi ke nan.

Bashir_Dev:
Hajiya kaya nawa kike nunawa a shafin farko? Akwai sanannen binciken nan na Sheena Iyengar da Mark Lepper na 2000. A wani kanti a Kalifoniya an jera jam, abin shafa wa burodi, kala 24, wani lokaci kuma kala 6. Teburin 24 ya fi tara mutane, amma kashi 3 kawai na waɗanda suka tsaya ne suka saya, a teburin 6 kuwa kusan kashi 30. Yawan zaɓi na rikita mutum. Ki rage kaya.

Dr_Hauwa:
Bashir, alƙaluman da ka kawo daidai ne, amma labarin bai tsaya nan ba. A 2010 wasu masana, Benjamin Scheibehenne da abokansa, sun haɗa gwaje-gwaje 50 a kan wannan batu, suka tarar idan aka ɗauki matsakaici tasirin kusan babu: wani wuri yawan zaɓi ya rage ciniki, wani wuri ya ƙara. Abin da ya fi bayyana daga baya shi ne yawan zaɓi na cutarwa idan kayan sun yi kama da juna, mutum kuma bai san abin da yake so ba, babu kuma mai yi masa jagora. Don haka ba sai ta zubar da rabin kayanta ba. Ta rarraba su: na zuwa aiki, na biki, na tafiya, ta kuma nuna wanda aka fi saye a kowane rukuni.

Bashir_Dev:
Na gode Dakta, wannan ƙarin ya gyara maganar. Amma har yanzu ina kan cewa shafin da talla ke kai mutum kada ya zama na kaya 100.

Zainab_Ads:
Nan ne ma nake son tsayawa, don shi na fi gani a wajen masu ƙananan kasuwanci. Talla ya nuna baƙar jaka mai sarƙa, mace ta gani ta so, ta danna, sai ta tsinci kanta a shafin farko mai "barka da zuwa" da tarihin kamfani da kaya iri-iri. Baƙar jakar tana can shafi na huɗu. Wa zai tsaya nema? Talla alkawari ne. Hoton da ke cikin talla, da farashin da ke ciki, da kalmomin da ke ciki, su ya kamata mutum ya fara gani idan shafi ya buɗe, da maɓallin saye a ƙarƙashinsu, ba sai ya ja ƙasa ba.

Kuma kar a cika rubutu. Jakob Nielsen ya nuna tun 1997 cewa kashi 79 na waɗanda ya gwada ba karanta shafi suke yi ba, ido kawai suke bi da shi. Kashi 16 ne ke karantawa kalma bayan kalma. Abin da ya fi muhimmanci ya zo a layin farko.

Maman_Iman:
Allah ya saka da alheri, ina bi ɗaya bayan ɗaya. Malam Sadiq, na gwada abin da ka ce, ɓangaren waya ja ya nuna, wato shafin ba shi da sauri, kuma hotuna ya fi kuka da su. Zainab, gaskiya ne tallan shafin farko yake kai mutane. Sannan na duba alƙaluman shafin na ga wani abu: akwai masu sa jaka a kwando da dama, amma yawancinsu a wajen biya suke tsayawa. Kuma ba wanda ya amsa mini maganar jan maɓalli.

Sadiq_Zane:
Maganar launi gajeriya ce. Babu launin da ke sa mutum saye. Abin da ke aiki shi ne maɓallin ya bambanta da duk abin da ke kewaye da shi. Idan shafinki ja ne, jan maɓalli ɓacewa zai yi. Ya zama shi kaɗai ne mai wannan launin, rubutun kansa ya fito sosai, ya kuma yi girman da babban yatsa zai same shi ba kuskure. Apple na ba da shawarar kada ya gaza maki 44 na ma'aunin allon waya a tsawo da faɗi. Ki tuna kuma kusan namiji 1 cikin 12 ba ya rarrabe wasu launuka da kyau, musamman ja da kore, don haka kar ki dogara da launi kaɗai wajen isar da saƙo.

Dan_Lissafi:
Hajiya, abin da kika gano a wajen biya ya fi komai da aka faɗa a nan daraja, domin waɗannan mutane sun riga sun so kayan. Kin biya kuɗin kawo su, sun zaɓa, sun kai bakin ƙofa. Ƙara kuɗin talla a wannan hali zuba ruwa ne a rariya.

Cibiyar Baymard, da ke bin wannan batu shekara da shekaru, ta tattara bincike da dama ta ce kusan kwando 70 cikin 100 ake watsarwa ba a biya ba. Wasu dama kallo suka zo yi, babu yadda za a yi da su. Amma cikin waɗanda suka yi niyya, dalilin da ya fi fitowa shi ne ƙarin kuɗin da ya bayyana a ƙarshe, na aikawa ko haraji ko wani caji. Bayansa akwai tilasta yin rijista, da rashin yarda da shafin a kan katin banki, da tsawon matakan biya. To ki gaya mana: yaushe mai saye ke ganin kuɗin aikawa a shafinki, kuma sai ya buɗe asusu kafin ya biya?

Maman_Iman:
Kuɗin aikawa sai a mataki na ƙarshe yake fitowa, bayan an cike adireshi. Rijista kuma dole ce, da imel da kalmar sirri. Wanda ya haɗa shafin ya ce hakan zai ba ni bayanan kwastomomi.

Bashir_Dev:
To ga shi nan. Akwai labarin da Jared Spool, masanin gwajin shafuka, ya bayar a 2009 na wani babban kamfanin sayar da kaya da bai ambaci sunansa ba. Suna tilasta rijista kafin biya. Da suka zauna suka kalli mutane na amfani da shafin, sai suka ga sababbi ba sa son buɗe asusu, tsofaffi kuma sun manta kalmar sirrinsu. Aka cire maɓallin rijista, aka sa na ci gaba, aka rubuta cewa ba sai ka yi asusu ba. Ya ce cinikin shekarar farko ya ƙaru da dala miliyan 300.

Bayanan da mai haɗa shafin ke magana a kai, ai duk wanda ya saya zai ba ki suna da lamba da adireshi don a kai masa kaya. Ki bari sai ya gama biya ki ce masa, idan yana so, ya sa kalmar sirri don ya riƙa bibiyar odarsa. Fom ɗin kuma ki ƙirga gurabensa, duk wanda ba a buƙatarsa wajen kai kaya ki cire.

Dr_Hauwa:
Wannan ma halayyar ɗan'adam ce, Maman_Iman, ba zane kaɗai ba. Farashin da mutum ya fara gani shi ke zama masa ma'auni. Ya gama shirya zuciyarsa a kan adadi ɗaya, sai a ƙarshe ya ga wani, sai ya ji kamar an ƙwace masa wani abu, ko da jimillar ba ta fi ta wani shafin ba. Ki faɗi kuɗin aikawa tun a shafin jakar. B. J. Fogg na Stanford ya taƙaita abin da cewa mutum na aikata abu ne idan uku suka haɗu a lokaci guda: sha'awa, sauƙi, da abin da zai tunzura shi. Mafi yawan masu kasuwa suna ta ƙoƙarin ƙara sha'awa, alhali ƙara sauƙi ya fi araha.

Kabiru_Talla:
To ai ga shi kun dawo kan maganata. Tunzurawa ɗin ba shi ne agogo ba?

Zainab_Ads:
Agogo na gaskiya babu laifi, Kabiru. Rangwamen da zai ƙare ranar Juma'a, ya kuma ƙare ranar Juma'ar. Saƙon tunatarwa ga wadda ta bar jaka a kwando, idan ta yarda a tura mata saƙo, shi ma tunzurawa ne. Har farashin da ake jan layi a kansa akwai ƙa'ida: a Tarayyar Turai idan ka ce ka yi ragi, tsohon farashin da za ka nuna dole ya zama mafi ƙanƙantar da ka sayar a kwana 30 da suka wuce. Ko doka ba ta kai inda mutum yake ba, ma'auni ne mai kyau.

Alhaji_Sabo:
Ni dattijo ne a kasuwa, sabo a intanet, ina karanta ku tun ɗazu. Tambayata: me ya sa ba wanda ke maganar mutum da mutum? Ni duk wannan kwando da fom, masu saye da yawa ba sa so. Suna son su yi magana da mai kaya. Tun da muka sa maɓallin WhatsApp a kowane shafi ciniki ya motsa.

Sadiq_Zane:
Ranka ya daɗe, gaskiya ne, musamman ga kaya masu tsada ko masu buƙatar tambaya. Amma da sharaɗi biyu. Na farko a sami mai amsawa da wuri, don wanda ya yi sallama aka bar shi sai gobe ya riga ya saya a wani wuri. Na biyu, maɓallin ya tafi da sunan kayan a cikin saƙon, kada mutum ya fara bayanin wace jaka yake nufi. Illarsa kuma ita ce lissafi na ɓacewa: cinikin da aka ƙulla a hira ba ya fitowa a alƙaluman talla sai an rubuta shi da hannu.

Alhaji_Sabo:
Muna rubutawa a littafi, muna tambayar kowa inda ya gan mu. Tsohuwar hanya ce amma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Dan_Lissafi:
Alhaji, wannan littafin naka kar ka raina shi. Alƙaluman da kamfanin talla ke bayarwa, shi ne mai sayarwa shi ne kuma mai awo. Tun da Apple ta fito da iOS 14.5 a Afrilun 2021, inda manhaja sai ta nemi izini kafin ta bibiyi mutum, bin sawun mai saye ya yi wuya; Meta, mai Facebook da Instagram, da kanta ta ce abin zai ci mata kusan dala biliyan 10 a 2022. Sannan akwai gwajin da masana tattalin arziki suka yi a eBay, wani babban shafin saye da sayarwa, aka buga a 2015. Sun dakatar da tallan da ke fitowa idan mutum ya nemi sunan eBay a injin bincike, sai kusan duk mutanen suka shigo ta hanyar kyauta da ke ƙasa da tallan. Wato ana biyan kuɗi ne a kan waɗanda dama za su zo. Ga ƙaramin ɗan kasuwa da ba a sani ba lamarin na iya bambanta, amma tambayar tana nan: wannan cinikin, da ban yi talla ba, zai zo ko ba zai zo ba?

Ruƙayya_M:
Ni maganar sharhin masu saye nake jira ban ji ba. Akwai masu sayar da sharhi, su cika maka shafi da taurari biyar. Yana da amfani?

Malam_Nasiru:
'Yar'uwa, wannan ɗan'uwan najashi ne, wato mutum ya yi ta taya kaya ba don zai saya ba sai don ya ruɗi wani, kuma an hana. A Amurka ma tun 2024 akwai doka da ta haramta saye da sayar da sharhin ƙarya, da tara a kai.

Dr_Hauwa:
Ko ta fuskar riba ba dabara ba ce. Cibiyar Spiegel ta jami'ar Northwestern ta nuna a 2017 cewa sha'awar saye ta fi ƙarfi idan taurari na tsakanin 4.0 da 4.7, tana kuma raguwa idan suka kusa cika 5, saboda mutane na zargin abin da babu aibu ko ɗaya a cikinsa. Sun kuma ga cewa sharhi biyar na farko su ne suka fi kawo bambanci. Biyar ai ba su fi ƙarfin kowa ba. Maman_Iman ta tura wa waɗanda suka riga suka saya saƙo, ta roƙi kalma biyu da hoton jakar a hannunsu. Idan wata ta yi ƙorafi, ta bar shi a wurin ta amsa da ladabi a ƙarƙashinsa. Masu karatu sun fi duba amsar.

Bashir_Dev:
Duk abin da aka faɗa a gwada shi da gwajin A da B, a raba masu shiga gida biyu a ga wanne ya fi. Yaƙin neman zaɓen Obama na 2008 ya gwada hotuna da maɓallai a shafinsa, wanda ya yi nasara ya ƙara masu rijista da kusan kashi 40, kuma bidiyoyin da ma'aikatan suka fi so duk sun sha kaye a hannun hotuna.

Dan_Lissafi:
Sun yi wannan gwajin ne da mutum sama da 300,000, Bashir. Mai ciniki 10 ko 20 a wata idan ta raba su biyu, bambancin da za ta gani sa'a ce kawai. Ron Kohavi, wanda ya jagoranci irin waɗannan gwaje-gwaje a Microsoft, ya ce kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na dabarun da suka gwada suka inganta abin da ake so su inganta. Ga Hajiya, shawarar Nielsen ta 2000 ta fi dacewa: mutum biyar. Ta ba kowannensu waya, ta ce ya sayi baƙar jaka, ta zauna a gefe ta yi shiru, kada ta nuna masa komai. Inda yatsansa ya tsaya yana yawo, inda ya ɗaga kai zai yi tambaya, nan matsalar take.

UmmiKasuwa:
Kuma kar a manta da wadda ta riga ta saya. Ita ba sai an sake biyan Facebook a kanta ba. A lissafin Malam Dan_Lissafi na farko, idan ta dawo ta sayi ta biyu, faɗuwar 1,000 ta koma ribar 3,000.

Maman_Iman:
Na rubuta abubuwa huɗu da zan fara da su: rage nauyin hotuna, kai talla kai tsaye kan jakar da ke cikinsa, nuna kuɗin aikawa tun farko, da cire rijistar dole. Sabon zane zai jira. Amma akwai abin da ban yanke ba: in dakatar da talla har sai an gama gyaran, ko in rage shi kawai?

Zainab_Ads:
Rage shi, kar ki kashe. Kina buƙatar masu shiga don ki ga ko gyaran ya yi aiki, kuma tallan da aka daɗe da kashewa yakan ɗauki lokaci kafin ya sake daidaita.

Dan_Lissafi:
A nan mun saba da Zainab. Idan kowane ciniki faɗuwa ne, ragewa rage faɗuwa ce kawai. Gyare-gyaren nan huɗu ba aikin wata ba ne. Ki tsayar, ki gyara, ki gwada da mutum biyar ɗinki, sannan ki kunna.

Kabiru_Talla:
Ni dai idan kin gama, ki yi rangwame na gaskiya na kwana uku ki sa agogo na gaskiya, kamar yadda Malam ya yarda, ki dawo ki ba mu alƙaluma.

Alhaji_Sabo:
Malam Sadiq, wannan maɓallin da ka ce yana tafiya da sunan kaya a cikin saƙo, yaya ake sa shi? Namu babu komai a ciki, sai dai mutum ya rubuto "nawa ne wannan" mu yi ta tambayar wanne.